Raddi ga masu cewa mugun koci da halinsa aka haife shi

Duk sanda aka kama mai horar da 'yan wasa yana cin zarafin yaran da aka ba shi amana, sai a ji wasu na cewa ai hali zanen dutse ne, haka aka haife shi, a kore shi a huta. Wannan magana ta ishe ni.

Tushenta ma ruɓaɓɓe ne. Cesare Lombroso, likitan Italiya, shi ya yayata a 1876 cewa akwai wanda ake haifa mai laifi, har ana gane shi ta siffar kai da muƙamuƙi. A binciken da ya wallafa a 1913, Charles Goring ya auna dubban fursunonin Ingila, ya kwatanta su da sauran jama'a, bai sami wannan siffa ba. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yau ana jawo mana gawar ra'ayin nan!

To, a ce ma mun yarda mutumin da mugun nufi ya zo. Wa ya buɗe masa ƙofa? Lawrence Cohen da Marcus Felson sun bayyana a 1979 cewa laifi na aukuwa idan abu uku suka haɗu: mai niyya, wanda za a cuta, da rashin mai sa ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Barry Bennell, lokacin da yake kocin yara a ƙungiyar Crewe Alexandra ta Ingila, yakan kwana da yara a gidansa yana cin zarafinsu, iyaye na murna saboda suna hangen ɗansu zai zama gwani. Shi ke zaɓen wanda zai buga, shi ke zaunar da wanda ya ga dama. Yaron da makomarsa ke hannun mutum, ina zai sami bakin kai ƙararsa? Rahoton Clive Sheldon na 2021 ya ce hukumar ƙwallon ƙafar Ingila ta yi sakaci wajen kare yara daga 1995 zuwa 2000. Wannan ma haihuwa ce ta jawo?

Suna cewa mutum ɗaya ne. A Jami'ar Penn State ta Amurka an sanar da manya abin da tsohon koci Jerry Sandusky ke yi wa yara tun 2001, ba a kama shi ba sai 2011. Waɗanda suka yi gum fa, su nawa ne?

Batun a kore shi a huta kuwa, wanda aka sallama a asirce wata ƙungiya yake komawa, ya tarar da wasu yaran.