A Ware Wa Sinadaran Bincike Layin Gaggawa

Tun 1975, lokacin da Köhler da Milstein suka gano hanyar samar da sinadaran garkuwar jiki iri guda a Ingila, masu bincike ke dogaro da su wajen gano furotin a jini da tsoka. Galibinsu daga ƙetare ake shigo da su Najeriya, kuma dole a adana su cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, wasu ma a daskare. Zafi yana karya ƙarfinsu ba tare da kamanninsu sun sauya ba, sai sakamakon bincike ya fito da kuskure. Duk takardar fitar da su daga filin jirgi da ta kwana a teburin jami'i, dukiyar al'umma ce ke lalacewa. Wajibi ne Hukumar Kwastam da NAFDAC su ware musu layin gaggawa.