Raddi Ga Masu Da'awar Likita Mila Ne Ya Fara Rubuta Hausa

Wata magana ta iso mana nan Boɗinga daga bakin waɗansu 'yan boko, wai harshen Hausa bai san tawada ba sai da Likita Walter Miller, mai yawon wa'azin Kirista, ya shigo ƙasar nan, wai shi ya ƙago mana haruffa, shi ya fara yi mana littafi. Subhanallahi!

Da mai wannan da'awa ya daure ya yi ɗan lissafi, da ya hutar da mu, domin kuwa an haifi Mila a 1872, alhali Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta tsara waƙoƙin wa'azi da Larabci da Fulatanci da Hausa, malamai mata da ake kira jaji suna ɗauka suna karantar da mata 'yan taru a ƙauyuka, ta riga mu gidan gaskiya tun 1864. Ashe jaririn da ba a haifa ba shi ya riƙa mata alƙalami? Ga Sifawa nan kusa da mu, inda Shehu Mujaddadi ya zauna yana talifi kafin ya koma Sakkwato a 1815, ga kuma Boɗinga kanta, mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi. Wanda ya tsaya a kan wannan ƙasa ya ce ajami ba rubutu ba ne, lalle jahilcinsa murakkabi ne. Kai, ko Charles Robinson, ɗan'uwan Mila a addini, waƙoƙin ajami ya tattara ya buga a Ingila a 1896.

In kuwa boko ake nufi, nan ma hujjar ta rushe, saboda wani Bature mai suna Schön ya buga kalmomin Hausa tun 1843, ya kuma fitar da Magana Hausa a 1885 daga bakin wani Bahaushe mai suna Dorugu.

Ba mu tauye wa Mila haƙƙinsa ba: ya koyi Hausa a Tarabulus, ya bi Bishop Tugwell zuwa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna Zariya, kuma shi ne jigo a tarjamar Littafi Mai Tsarki ta 1932. Wannan aiki ne babba, amma tarjama ce.

Amma cewar da wasu ke yi wai Waƙar Nijeriya ta Malam Shehu Shagari, ta 1948, albarkacin mishan ce, wannan bai cancanci jawabi ba. Mutumin Shagari da allo ya fara.