Hattara a Kan Hanya: Kai Ɗaya Ne, Ba A Sayar Da Shi A Kasuwa

Yau da wuya a samu ƙauye a ƙasar Ƙonni, Malbaza ko Illela wanda babu moto a cikinsa. Manomi yana kai albasarsa bakin hanya da ita. Makiyayi yana zuwa kasuwar Badagishiri da ita, ya dawo rugga kafin la'asar. Samari masu kabu-kabu da ita suke ciyar da iyalinsu. Tafiyar da jaki yake yini yana yi, moto tana yin ta a cikin sa'a ɗaya. Amma wanda ya faɗo daga jaki yakan tashi ya kakkaɓe rigarsa, wanda ya faɗo daga moto kuwa sau da yawa ɗaukarsa ake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutanen da suka mutu a kan hanyoyin duniya a shekarar 2021. Ta samu mutum miliyan 1 da dubu 190. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya hasara. Mai mota yana da ƙarfe gaba da baya, yana da rufi. Mai moto jikinsa ne kawai. Raunin da ya fi kashe masu moto kuma shi ne na kai.

Hanyoyin wannan yanki ba na wasa ba ne. Babbar hanya mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta bi Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, ta wuce Madawa da Maraɗi. A Tsarnawa wata ta rabu ta nufi Tawa ta Badagishiri. Daga Ƙonni kuma wata ta gangara iyaka, ta shiga Illela ta Najeriya, ta tafi Sakkwato. A kan waɗannan hanyoyi akwai manyan kamyo na simintin Malbaza, da na albasar Galmi, da motocin fasinja masu gudu. A kansu ne kuma amalanken jaki da garken shanu da yara ƴan lakwal suke ratsawa. Wanda ya koyi tuƙi a turbar gona ya sani gudron wani wuri ne dabam.

Wani yakan ce kilomita 50 a sa'a ba gudu ba ne. To, mutumin da ya bugi bango ko itace da wannan gudu, daidai yake da wanda ya faɗa busasshiyar rijiya mai zurfin mita 10. In gudun ya kai 70, zurfin rijiyar ya kusa mita 20. Babu mai hankalin da zai faɗa rijiya da ka. Amma haka mai moto yake yi in ya faɗi ba hula.

Hular kwano, wadda ake kira kaske, abu uku gare ta. Akwai ɓawo mai tauri a waje, shi ne yake hana dutse ko ƙarfe fasa ƙoƙon kai. Akwai soso mai kauri a ciki, shi ne yake shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Akwai kuma igiya da ake ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100.

Sa ta daidai shi ne magana. Hular da ba a ɗaure ba, ita ce take fara tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. A ɗaure igiyar yadda yatsa biyu kaɗai za su shiga tsakaninta da haɓa. Kada hular ta yi yawa har ta riƙa juyawa in an girgiza kai. Hular leburori ta wurin gini ba ta moto ba ce, don ba ta da soson ciki. Rawani yana tare ƙura da rana, amma ba ya tare gudron. Hular da ta taɓa shan babban bugu ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a jikinta ba. Wanda aka goya a baya shi ma kai gare shi. Dokar hanya ta Nijar ta wajabta wa mai moto sa hula, amma kada a sa ta don idon jandarma kawai, a cire in an wuce shi.

Wasu sukan ce hula tana da zafi. Gaskiya ne, a watan Afrilu da Mayu tana sa gumi. Amma gumi ruwa yake wankewa. Wasu sukan ce tana da tsada. Kuɗinta bai kai na akuya ɗaya ba, jinyar kai kuwa tana iya cinye rumbu da shanun huɗa. Wasu kuma sukan ce in kwana ya ƙare babu hular da za ta hana. Amma manomin da ya dogara ga Allah bai fasa yi wa rumbunsa jinka ba, makiyayi kuma bai fasa ɗaure maraƙinsa ba.

Bayan kai, sai sauran jiki. Takalmi mai rufi ya fi silifa, don yatsun ƙafa ne suke fara gogar ƙasa. Tabarau yana tare ƙura da ƙwari. Mai babbar riga ya naɗe ta sosai. Mace ta tattara zane da hijabi a kan cinyarta, don in bakin tufa ya shiga ƙafar baya, nan take yake fizgo mutum ƙasa. Da dare a sa tufa mai haske.

Hula tana rage rauni, ido kuwa shi ne yake hana haɗari. Moto mai gudun kilomita 60 a sa'a tana cin mita 17 kafin mutum ya ƙirga ɗaya. Wanda ya sunkuya duban salula ko ya waiwaya gaisuwa ya yi wannan tafiya a makance. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata yana ninka huɗu. Don haka a rage gudu tun kafin a shiga gari, da bakin kasuwa, da mashigar dabbobi. In tunkiya ɗaya ta ƙetare, sauran suna bayanta.

A yi hattara da kamyo. In mai moto ba ya ganin madubin direba, direba ma ba ya ganinsa. Kamyo mai lodin siminti ba ya tsayawa nan take, ko direban ya so. Kada a wuce shi ta dama, kada a wuce shi a kan kwana ko hawa. Wanda ya fito daga turbar ƙauye zai hau gudron ya tsaya cik, ya dubi hagu da dama, sannan ya hau.

Kowane lokaci da nasa haɗari. Da hunturu hazo yana rufe hanya, sai a kunna fitila ko da rana. Da damina ruwa yana zubo rairayi a kan gudron, korama kuma tana cika ba sallama. Lokacin kwasar albasa kamyo sukan yi layi a bakin hanya, masu dako suna fitowa daga tsakaninsu. Da dare amalanke ba ya da fitila, haka ma saniya. Fitila ɗaya da aka hango daga nesa tana iya zama mota ce mai ido ɗaya.

Lodi ma yana kashewa. Moto ta mutum biyu ce. In aka ɗora mata mutum huɗu ko buhu uku, gabanta yakan yi sauƙi, birki ya ƙi kamawa. Mai shan taramol don kada ya gaji yana ruɗin kansa, don ƙwayar ba ta kawar da gajiya, hankali take dushewa. Wanda ya ji barci ya tsaya a inuwa ya huta. Uban da ya ba yaro ƙarami makullin moto, shi ne mai alhakin abin da ya biyo baya.

In haɗari ya auku, kada a fizgi wanda ya faɗi, kada a lanƙwasa wuyansa, kada a cire masa hula da ƙarfi. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. A danne wurin da jini yake zuba da tsumma mai tsabta. A kai shi likita mafi kusa, daga can a san ko asibitin Ƙonni za a wuce, ko na Galmi wanda yake aiki tun 1950, ko babban asibitin Tawa. Ko mutum ya tashi da ƙafarsa, in yana amai, ko barci yana fizgarsa, ko jini yana fita ta kunne, jini ne mai yiwuwa yake taruwa a cikin kai. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, kuma ba a jiran gobe.

Taya in ta fashe akwai wata a kasuwar Ƙonni. Madubi da fitila duk ana sayarwa. Kai ne babu mai sayar da shi. Mai moto ya duba birki da fitila kafin ya tashi, ya ɗaure hularsa, ya ba wanda ya goya tasa. Iyalinsa suna gida suna jiransa. Allah ya kai kowa gida lafiya.