RUWAN INDARARO: A FITO MANA DA ƘA'IDA

Duk wanda ya san unguwar Banifandu a Yamai ya san yadda take wayar gari a watan Afrilu da Mayu. Famfo yakan yi shiru yini guda, mata su raba dare suna jiran ɗigo, 'yan ga-ruwa kuma su ƙara kuɗin bido. Da Agusta ta kama, sai ga ruwa yana kwarara daga indararo, yana cin tituna, yana kwantawa a ƙofar gidaje.

Mu yi lissafi irin na ajin yaƙi da jahilci. Yamai tana samun ruwan sama wajen milimita 500 a shekara, galibinsa daga Yuni zuwa Satumba. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 zai tara lita 25.000, wato duro 125 masu cin lita 200. Wanki, wanka da ban ruwan itatuwa duk sun samu, an kuma rage wa matatun Gudel da Yantala nauyi.

Ƙasarmu tana da kundin dokar ruwa tun 1 ga Afrilu 2010, kuma ba a hana magidanci tarar ruwan rufinsa ba. Abin da talaka ya rasa shi ne ƙa'ida bayyananniya, cikin harshen da yake ji. Saboda haka kowa yana yin yadda ya ga dama: wani ya bar duro buɗe har sauro ya hayayyafa, alhali damina ce lokacin zazzaɓin cizon sauro, wani ya juya indararonsa kan katangar maƙwabci, a ƙare a gaban mai unguwa.

Muna kira ga magabatan birnin Yamai da ma'aikatan kiwon tsabta su zauna da masu unguwanni su tsai da magana. A rufe kowane mazubi. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin a tara. Kada a sha sai an tafasa ko an sa magani. Mai neman takardar izinin gini kuma ya nuna inda ruwan rufinsa zai sauka.

Tara ta zo daga baya. Tukuna a yi bayani a rediyo, da Hausa da Zabarmanci, kafin hadarin Yuni ya haɗu.