Wasan ƴan sanda a talabijin

Da dare, bayan sallar lisha, yaran Madarumfa suna taruwa gaban talabijin. In wasan ƴan sanda ake nunawa, ko tari ba mai yi. Mota tana gudu, jiniya tana kuka. Ɓarawo ya haura katanga, ɗan sanda ya bi shi. Kafin awa ɗaya ta cika an kama shi, an sa masa ankwa.

Kashegari, lokacin shan iska a filin lakwal, sai a maimaita wasan. Kowa yana so ya zama ɗan sanda. Ƙaramin yaro ake maidawa ɓarawo. A kayar da shi, a yi ta dukansa har ya yi kuka. Ba wanda ya tambaye shi me ya sata. To, wannan ba aikin ɗan sanda ba ne, cin zali ne.

Kallon wasan ba laifi ba ne, amma yara suna ɗaukar gudu da duka, suna barin abin da ya fi amfani. Iyaye da yawa sun san wasan Derrick. An yi shi a ƙasar Jamus daga 1974 zuwa 1998, kashi 281. Derrick sufeto ne a birnin Munik. Ba shi da gaggawa, kuma da wuya ya zaro bindiga. Makaminsa tambaya. Ina kake jiya da dare? Wa ya gan ka? Ƙarfe nawa ka komo gida? Yakan saurari wannan, ya saurari wancan, ya gwada maganganunsu. Sau da yawa wanda aka fara tuhuma ba shi ne mai laifin ba. Da an doke shi tun farko fa?

Aikin gaskiya ya fi na talabijin wuya. A cikin birni kamar Maraɗi ƴan sanda suke sintiri, a ƙauyuka kuwa jandarmomi. Ƙasar Madarumfa tana bakin iyaka: daga Ɗan Isa, Jibiya ta Najeriya ba nisa. Saniyar da aka sace da dare tana iya ƙetare iyaka kafin asuba. Nemanta ba aikin awa ɗaya ba ne. Sai a bi sawu, a tambayi makiyaya, a zaga kasuwanni. Wani lokaci a yi watanni, wani lokaci ma ba a samunta.

Ko an kama mutum, magana ba ta ƙare ba. Ɗan sanda ba ya yanke hukunci. Yana rubuta abin da ya ji da abin da ya gani, sa'an nan a kai mutumin gaban alƙali. Alƙali zai saurari mai ƙara, da wanda ake ƙara, da shaidu. Kafin ya yanke, doka ba ta kiran kowa ɓarawo. Wannan wurin ne talabijin ta cika tsallakewa, don ba gudun mota a ciki.

Shi ya sa ihun “Ɓarawo!” a kasuwa yake da haɗari. Mutane su taso da sanduna, alhali rabinsu ba su ga kome ba. Wanda aka rufar wa yana iya zama baƙo ne kawai da tsoro ya sa shi gudu. Yaron da ya ga sata, ya je ya gaya wa babba abin da idonsa ya gani, ban da ƙari. Wanda bai gani ba, kada ya ɗauki dutse.

In za a sake wasan a filin lakwal, ya kamata a ƙara mutum uku: shaida biyu da alƙali ɗaya. Ɓarawon kuma a riƙa yin sa bi da bi, har manyan aji su ma su ɗanɗana.