Rama ba kitse kaɗai take ci ba

A Yamai da Kano masu ƙiba na biyan kuɗi don su rame, wasu da shayin rage tumbi, wasu da allura irin Ozempic. A ƙauye irin Dumega kuwa rama kyauta take zuwa, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma noman gero ya fi tsanani. Abin da ya haɗa su shi ne, jiki in ya rasa abinci ba kitse kaɗai yake ƙonawa ba, har tsoka yake ci. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ake zubarwa ba kitse ba ne. Dubi manomi a ƙarshen damina: damtse ya saki, wuya ya zurma, hauya ta fara yi masa nauyi kafin azahar. Ga tsoho abin ya fi muni, don tsokar da ta tafi da wuya take dawowa. Magani yana gonarmu. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono da zogale su ne masu gina jiki, amma da kaka ta yi sai mu ɗora buhunan wake a mota zuwa Najeriya, mu bar gida da fura tsinkakkiya. A ganina kowane magidanci a yankinmu ya ware waken damina kafin ya kai saura kasuwa. Mai rage ƙiba kuma ya riƙa auna ƙarfinsa, kada ya tsaya ga sikeli.