"Babu kolastarol" a jikin galan ɗin mai: me hakan ke nufi?



A makon jiya wata Hajiya ta zo kantin maganin da nake aiki a Agege karɓar wa maigidanta atobastatin, maganin rage kolastarol da likita ya ɗora shi a kai. Muna cikin hira ta ce min, "Ai 'yar nan, mun gyara girki. Na daina manja kwata-kwata, yanzu farin mai nake saye, wanda aka rubuta babu kolastarol a jikinsa." Na ce, "Hajiya, rubutun gaskiya ne, amma ai manjan da kika bari shi ma babu kolastarol a cikinsa."

Kolastarol daga dabba kawai ake samun sa: nama, ƙwai, madara, man shanu. Duk man da aka tatsa daga tsiro ba shi da shi, don haka wannan rubutu talla ce kawai. Mafi yawan kolastarol ɗin da ke cikin jininmu kuwa hanta ce ke haɗa shi, kuma ita ce ke kwashe shi daga jini. Abin da ke rage mata wannan aikin kwashewa shi ne maiƙo mai daskarewa, irin wanda muke cewa ya yi barci idan an yi sanyi. Idan ya yi yawa a abinci, mugun kolastarol, wanda takardar gwaji ke kira LDL, sai ya hau. A hankali yana taruwa a bangon jijiyoyin jini, shekara da shekaru ba tare da wani ciwo ba, har ranar da hanya za ta toshe a zuciya ko a ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan maiƙo ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga babban mutum, wannan ya kama kimanin giram 22. Kusan rabin manja irin wannan maiƙo ne, cokalin cin abinci ɗaya na ɗauke da kusan giram 7. Man shanu ya ɗara haka, man kwakwa kuma, da ake ta yabo a Facebook, ya haura kashi 80. Man gyaɗa na asali bai wuce kashi 20 ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin farin man da muke auna a kasuwa muna ce masa man gyaɗa, ba na gyaɗa ba ne. Daga kwakwar manja aka tace shi, aka cire masa launi da ƙamshi, kuma maiƙonsa mai daskarewa ya kai kashi 40 ko fiye. Hajiya ta bar manja ta koma ɗan'uwansa, ta kuma yi asarar sinadarin da ke sa shi ja, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Juya galan ki duba abin da aka yi man da shi. In kin ga "palm olein", to shi ne. Na gyaɗa, na waken suya ko na sunfulawa sun fi, ko da yake na san kuɗinsu ba wasa ba ne a wannan zamani.

Ni ban hana kowa manja ba, a gidana ma ana miya da shi. Ludayi ne matsalar. A riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga jarka, a kwashe man da ya taso saman miya, a yanke kitsen nama kafin a dafa, a ce wa mai tsire ya rage kitse. Man shanu a kan tuwo ya zama na jefi-jefi. Kifi, wake da gyaɗa su cike gurbin. Amma rage mai a ƙara burodi da lemon kwalba ba ya tsinana wa zuciya komai.

Alhaji dai na ce ya ci gaba da shan maganinsa kullum, domin gyaran girki ba ya maye gurbinsa, kada kuma ya daina sai likita ya ce. Zai sake gwajin jini bayan wata uku, Hajiya ta yi alƙawarin kawo min takardar in gani.